Yadda Ake Tsara Jerin Masu Tiyata Don Rage Ɗage Aiki

Yawancin aikin tiyatar da ake ɗagewa da safe, tun jiya ya lalace, ba a dai lura ba ne. Mara lafiya ya kwana da yunwa, an sa masa riga, sannan a ce jini bai iso ba ko ba a ga sakamakon gwaji ba. Da an bi jerin sunayen da azahar ɗin jiya, da an gano.

A fara da lissafin lokaci, don nan aka fi tafka kuskure. Idan likitan fiɗa ya ce aikin maƙoƙo awa biyu ne, daga yanka zuwa ɗinki yake nufi. Ɗakin tiyata kuwa ba haka yake ƙirga ba. Sai an ƙara minti 20 zuwa 30 na ɗaura ruwa, sa barci, gyara kwanciya da wanke fata, da kamar minti 15 na farfaɗowa da fitar da mara lafiya, da wasu 20 na goge ɗaki da shimfiɗa sabbin kaya. Awa biyu ta koma uku ke nan. Ɗakin da ke aiki daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma minti 480 gare shi, kuma ba a cika shi maƙil. A tsaya wajen 400. Maimakon dogaro da kintace, a buɗe rajistar ɗakin, a duba irin wannan aiki guda goma da likitan ya yi a baya, a ɗauki matsakaicinsu. A asibitin koyarwa, inda mai neman ƙwarewa ne zai riƙe wuƙa, a ƙara masa lokaci.

Wa za a fara da shi? Ƙananan yara, masu ciwon suga da masu sikila, domin ba sa jure doguwar yunwa da ƙishirwa. Babban aiki ma da safe ya fi, lokacin da bankin jini da ɗakin gwaji ke cike da ma'aikata. Mai ciwon da ya yi mugunya a bar shi ƙarshe. Na farko a jerin kuwa ya zama wanda babu ko tantama a kan shirinsa, saboda jinkirin rabin awa da safe yana bin kowa har yamma.

Akwai tarkon da ake yawan faɗawa: a jera ayyuka biyu masu buƙatar kayan aiki iri ɗaya, alhali tire ɗaya asibitin ke da shi. Na'urar dafa kaya na kashe ƙwayoyin cuta cikin 'yan mintoci a zafin digiri 134, amma wanki, naɗewa, dafawa, bushewa da hucewa sukan haura awa guda. A raba su da wani aikin daban a tsakani.

Da azahar ɗin jajibiri, nas mai kula da ɗakin tiyata da likitan sa barci su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Jini yana hannu, an gwada ya dace? Inda dangi ne ke bayarwa, a kira su kwana biyu kafin ranar, domin sai an tantance jinin daga ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C da tunjere. An sa hannu a takardar amincewa? Sa hannun baligi mai hankali ya wadatar, amma a gidaje da yawa mace za ta ce sai maigida ya zo, don haka a zauna da iyali tun lokacin da ake zuwa ganin likita daga gida, ba a ƙofar tiyata ba. Sai biyan kuɗi ko amincewar inshora, awon hawan jini da suga, yawan jini, gwajin ciki ga matan da ke shekarun haihuwa, da tari ko zazzaɓi ga yaro. Idan aikin na buƙatar gado a sashen kulawa ta musamman, a tabbatar akwai shi kafin a sa barci. Tukwanen oksijin da man janareta ma a leƙa su.

Magungunan tsinka jini kuwa ba a gyara su a jajibiri. Warfarin akan dakatar da shi kwana biyar kafin aiki, clopidogrel biyar zuwa bakwai, bisa umarnin likita. Ranar da aka ba da kwanan wata za a rubuta wa mara lafiya wannan a takarda.

Ƙa'idar hana ci a fili take: awa shida ga abinci, huɗu ga nonon uwa, biyu ga ruwa zalla. Koko, kunu da shayi mai madara duk abinci ne, a faɗa wa masu jinya ɓaro-ɓaro. Al'adar nan ta cewa kowa ya kame baki daga sha biyun dare tana cutar da wanda ba za a shiga da shi ba sai ƙarfe biyu, musamman a zafin Afrilu. Shi a ba shi ɗan abu mara nauyi da asuba.

Gaggawa ba ta sallama: tiyatar haihuwa, hatsarin mota, hanjin da taifot ya huda. Asibiti mai ɗaki biyu ko fiye ya ware ɗaya da ma'aikatansa domin su kaɗai. Mai ɗaki ɗaya ya bar giɓin awa ɗaya da rabi bayan azahar, kuma a gaya wa na ƙarshe a jerin tun da wuri cewa aikinsa na iya kaiwa gobe. A tanadi mutum ɗaya mai ƙaramin aiki, kamar gwaiwa, wanda ya gama gwaje-gwajensa kuma gidansa na kusa, ya cike gurbi idan wani bai zo ba. Ranar Juma'a a taƙaita jerin, kada a fara dogon aiki da hantsi.

Duk aikin da aka ɗage, a rubuta ainihin dalili, ba "babu lokaci" kawai ba, a kuma ba mara lafiya sabuwar rana kafin ya bar gado. A ƙarshen wata a ƙirga dalilan, a kai wa shugaban sashe biyun da suka fi yawa.