Bayan an fito daga intabiyu: ga sababbin zuwa masu neman aiki

Intabiyu na uku da na yi bayan zuwana ƙasar waje minti arba'in ya ɗauka, amma kwana huɗu na yi ina maimaita shi a kaina. Mutum uku ne a gabana, mata biyu da namiji ɗaya, kowa da takarda da biro. Ta tsakiyar ta ce in ba su labarin wani lokaci da na samu saɓani da abokin aiki, da yadda muka kashe wutar. Na yi murmushi na ce ai ni ban taɓa samun saɓani da kowa ba. Ta dube ni, ta dubi takardarta, ta ja wani ɗan layi, ta wuce tambaya ta gaba. Ɗan layin nan shi ya biyo ni har tashar bas, ya hau bas ɗin tare da ni, ya zauna a gefen gadona har ƙarfe ukun dare. Kafin gari ya waye na gama yanke wa kaina hukunci: bakina bai iya harshen mutanen nan ba, karatuna na banza ne, shekarun da na yi ina aiki kafin in taso ba su da daraja a nan, zuwan nawa ma tun farko ganganci ne.

Ban samu aikin ba, gaskiya ne. Amma da na daure na rubuta musu ina neman su gaya mini inda na gaza, amsar da ta zo layi uku ce. A tambaya guda na samu maki kaɗan, wato waccan ta saɓani, sauran kuwa babu laifi, kuma wanda aka ɗauka dama yana aiki a wurin na wucin gadi. Duk shari'ar da na kwana huɗu ina yi wa kaina a kan tambaya ɗaya ce cikin bakwai.

Abin da nake so ka fara riƙewa ke nan, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa: hukuncin da zuciya take yankewa a sa'o'in farko bayan intabiyu ba abin dogaro ba ne. Jiki ya sha fargaba, ƙwaƙwalwa ta gaji da magana cikin harshen da ba shi aka sha a nono ba, sai ta ɗauko wuri ɗaya da aka yi tuntuɓe ta riƙa haska shi kamar babu wani abu da ya faru a ɗakin sai shi. Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan. A shekarar 2000 Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun sa ɗalibai saka wata riga mai ban kunya su shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun zaci kusan rabin ɗakin sun lura da ita, ashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura. A 2018 kuma Erica Boothby da abokan bincikenta sun nuna cewa bayan hira da baƙo, mutane sukan raina irin yadda suka kwanta wa abokin hirar a rai. In haka abin yake ga wanda yake hira da yarensa a garinsu, ina ga kai da kake lissafin kowace kalma kafin ta fito.

Akwai kuma abin da ya fi ruɗa baƙo, wato fuskokin masu tambaya. Ka yi magana, babu mai gyaɗa kai, babu mai cewa madalla, kowa ya duƙufa yana rubutu. Sai ka fito kana cewa ai tun daga fuska na gane ba su so ni ba. A ma'aikatu da yawa, musamman na gwamnati da asibitoci da jami'o'i, tsarin ke nan: tambayoyi iri ɗaya ake yi wa kowane mai nema, kowace amsa a ba ta maki, a tara a ƙarshe. Rubutun da suke yi hujja ce da za su kare makin da ita, kuma da gangan suke ɓoye abin da ke ransu don kada a ce sun fifita wani. Na taɓa fitowa daga ɗakin da aka yi ta dariya da ni ban samu aikin ba, na kuma fito daga wanda ko murmushi ba a yi mini ba aka kira ni washegari. Tun daga nan na daina duba a fuskar kowa.

Sai maganar jin cewa kai ɗan bogi ne, cewa sa'a ce kawai ta kai ka ɗakin kuma yau asirinka ya tonu. Wannan ma an daɗe da saninsa. Pauline Clance da Suzanne Imes sun yi rubutu a kansa tun 1978, bayan sun zauna da mata sama da 150 masu manyan digiri da muƙamai waɗanda duk da haka suke ganin yaudarar mutane suke yi. Ga baƙo abin ya fi tsanani, domin a nan babu wanda ya san ko kai wane ne. A inda ka fito sunanka ya isa shaida, a nan kuwa sai ka fara daga gabatar da kai kamar yaron da ya gama makaranta jiya. Amma ka yi wannan lissafin. Wani bincike da aka fitar a 2019 daga Kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford ya aika dubban takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, sunaye da asali kawai aka canza. Kashi 24 cikin ɗari na masu asalin fararen Birtaniya sun samu amsa mai daɗi, 'yan tsirarun ƙabilu kuwa kashi 15, wato sai sun aika takardu da suka fi yawa da kashi 60 cikin ɗari kafin su kamo. Ban kawo wannan don in ƙara maka ɓacin rai ba. Na kawo shi ne don ka ga cewa ƙofar da ta fi ƙunci ita ce ta kiran intabiyu, kuma ka riga ka wuce ta da sunanka da takardunka. Wanda ya kira ka ya karanta CV ɗinka ya ga za ka iya aikin, ba don tausayi ya ware maka awa guda daga lokacinsa ba.

To me za a yi da wunin da aka fito? Abin da ya yi mini amfani ba shi da wuya. Kafin in isa gida nakan samu wuri in zauna, in buɗe waya, in rubuta duk tambayoyin da aka yi mini tun ban manta ba. A gaban kowace in sa abin da na faɗa a taƙaice. Daga nan in zaɓi biyu da na amsa da kyau, domin dole akwai su ko da zuciya ta ƙi yarda, da guda ɗaya da zan gyara. Minti ashirin ya isa. In na rufe, na rufe ke nan. Duk lokacin da tunanin ya dawo cikin dare sai in ce masa an riga an rubuta, yana cikin waya. Abin kamar wasa, amma ƙwaƙwalwa tana yawan maimaita abu ne don tsoron kada ya ɓace mata, da zarar ta san an ajiye shi sai ta sassauta. Bambancin nazari da tufka da warwara shi ne, nazari yana ƙarewa da abin da za ka yi gobe, tufka da warwara kuwa sai dai ya bar ka da ciwon kai.

Ita kuwa tambayar saɓani da ta kayar da ni, daga baya na gane laifin ba na harshe ba ne. Mun taso muna jin cewa yabon kai jahilci ne, kuma mutumin kirki ba ya tona abin da ya shiga tsakaninsa da wani. Sai ga ka a ɗakin da ake so ka ce ni na yi, ni na gyara, ni na kawo shawarar. Da yawanmu mukan fake da "mun yi", masu ba da maki kuwa ba su da inda za su rubuta "mu", kai suke aunawa. Akwai tsarin da ake kira STAR da ake koyarwa a cibiyoyin neman aiki da yawa: ka faɗi halin da ake ciki, ka faɗi abin da aka ɗora maka, ka faɗi matakin da kai da kanka ka ɗauka, ka rufe da sakamakon. Ka tanadi labarai biyar ko shida daga aikinka na baya a kan wannan tsari, ka faɗe su da baki a gaban madubi ko a gaban aboki har su zauna. Ba alfahari ba ne, bayar da shaida ne a kan abin da ya faru. Kuma aikin da ka yi kafin ka taso aiki ne, ka kawo misali daga cikinsa kai tsaye, kada ka soma da ba da haƙuri a kansa.

Wani nauyin kuma daga waya yake zuwa. Ka gaya wa mutum goma kana da intabiyu ranar Talata, ranar Talata da yamma saƙo goma na jiranka, kowa na tambayar yaya aka yi. Da alheri suke tambaya, amma duk amsar da ka bayar sake buɗe gyambon ne, in kuma ba a dace ba sai ka sanar da rashin sau goma. Ni yanzu mutum biyu nake gaya wa, su ma na roƙe su kada su tambaye ni sai na kawo maganar da kaina. Sauran su ji labari in an samu. Amma kada ka wuce gona da iri ka rufe kowa. Ka samu mutum ɗaya da ya riga ka zuwa, wanda ya sha irin wannan imel ɗin mai farawa da godiya yana ƙarewa da "abin takaici", ka zauna da shi. Za ka sha mamakin yawan wuraren da suka ƙi shi kafin ya samu inda kake ganinsa yanzu kana sha'awa.

Shirun da ke biyo baya ma yana cin rai. Kafin ka tashi daga intabiyu ka tambayi yaushe za a ji sakamako. In ranar ta wuce da kwana biyu ko uku, ka aika gajeren imel na ladabi, sau ɗaya. In an ce ba a ɗauke ka ba, ka nemi a gaya maka inda za ka gyara. Wasu za su amsa, wasu ba za su kula ba, kuma rashin kulawar ba saƙo ba ne a kanka. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai dokar kare bayanai ta ba ka damar neman abin da aka ajiye a kanka, har da abin da aka rubuta lokacin intabiyu, kuma a ƙa'ida cikin wata guda ake amsawa. Ni dai ba na ba da shawarar a fara da wannan, sai in kana da dalilin zargin an nuna maka wariya. Sannan in bizarka tana buƙatar ma'aikatar da za ta tsaya maka, ka bincika tun kafin ka nema. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin kamfanonin da ke da lasisin yin hakan a intanet. Na san waɗanda suka yi makonni suna zargin bakinsu da lafazinsu, alhali kamfanin ne ba shi da ikon ɗaukarsu ko da sun fi kowa maki.

Kada kuma ka jingina rayuwarka gaba ɗaya a kan amsa guda. Washegarin intabiyu ka aika wata takardar neman aikin, ko da ba ka ji daɗin yi ba. Mai jiran wuri uku ba ya duba imel sau hamsin a wuni kamar mai jiran wuri ɗaya. Ka fita ka taka da ƙafa, musamman in lokacin sanyi ne da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu, domin duhun nan da zaman ɗaki kaɗai sun isa su karya gwiwar wanda ma yake da aiki.

Sanyin gwiwa na kwana biyu ko uku bayan an ƙi ka ba ciwo ba ne, kowa na yi. Amma akwai iyakar da in an wuce ta maganar ta tashi daga ta intabiyu. In ka kai mako biyu kusan kullum zuciya a cunkushe, barci ya ƙi ko ya yi yawa, cin abinci ya canza, abin da kake so da can ya fita daga ranka, ka daina ɗaga waya, to ka je ka ga likita ka faɗa masa yadda abin yake ba tare da ragewa ba. Ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, kuma zuwa asibiti bai hana addu'a ba. A Ingila, in ka yi rajista da likitan unguwa, kana iya miƙa kanka kai tsaye ga NHS Talking Therapies, sashen hukumar lafiya ta ƙasa da ke jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa, kyauta, ba sai likita ya tura ka ba. In kai ɗalibi ne, jami'arka tana da masu ba da shawara kan damuwa da kuma ofishin taimakon neman aiki, inda za su yi maka intabiyun gwaji. In kuwa tunanin ya kai ga kana jin gara ka bar duniya, kada ka jira gari ya waye. A Birtaniya da Ireland ka kira Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa, a 116 123, a Amurka da Kanada ka kira 988, dare ko rana akwai mai ɗauka.

Tambayar saɓanin nan ta sake zuwa mini a intabiyu na shida, kusan da kalmomi iri ɗaya. Na ba su labarin wani abokin aiki da muka yi ta ja-in-ja a kan jadawalin aikin dare, da yadda na same shi mu biyu muka raba makonnin a rubuce. Mai tambayar ta sunkuyar da kai tana rubutu, fuskarta babu yabo babu fallasa, ta cika kusan rabin shafi. Da na fito na zauna a bencin da ke ƙofar ginin na rubuta tambayoyin, takwas ne, na sa alama a kan ta biyar da na yi ta kame-kame a cikinta, na mayar da wayar aljihu na tafi neman bas.