Yadda ake shirya fim ɗin barkwanci marar magana irin waɗanda suka kwaikwayi Valentino

Rudolph Valentino, ɗan Italiya da ya zama jarumin soyayya a Hollywood, ya mutu a New York cikin Agustan 1926 yana da shekara 31. Tun yana raye 'yan barkwanci suka sa shi a gaba. Stan Laurel ya yi Mud and Sand a 1922 yana kwaikwayon Blood and Sand na Valentino da ya fito a shekarar, sannan Ben Turpin ya yi The Shriek of Araby a 1923 a kamfanin Mack Sennett yana kwaikwayon The Sheik, shi ma na Valentino. Idan kana son shirya ɗan gajere irinsu da wayarka, na minti uku zuwa biyar, ga yadda za ka bi.

Fara da kallon na asali kafin na kwaikwayo. Ka kalli The Sheik na 1921 da Blood and Sand daga farko har ƙarshe, da takarda a hannu, kana rubuta abin da Valentino yake maimaitawa: yadda yake lumshe ido sannan ya zare su, yadda yake kafe mace da kallo, tsayuwarsa ƙirji a gaba, gashinsa a kwance yana sheƙi. Laurel ya raɗa wa kansa suna Rhubarb Vaselino saboda wannan gashin da yake kamar an shafe shi da basilin. Duk waɗannan fina-finan sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, ana samun su kyauta a intanet, kuɗin data kawai za ka kashe.

Daga cikin abin da ka rubuta ka zaɓi ɗabi'a biyu, kada su wuce haka. Ka kuma zaɓi fim ɗaya. Shawarata ka ɗauki na mai wasa da bijimi na Sifaniya, wato Blood and Sand, ka bar na shehin. Larabawan The Sheik ƙirƙirar Hollywood ce, kuma mai kallon da bai san fim ɗin ba zai ɗauka rawani da alkyabba kake yi wa ba'a.

Zaɓen ɗan wasa da horar da shi ne matakin da yake kayar da masu farawa. Sukan ɗauko wanda ya fi kowa iya murguɗa baki, su ce masa ya ba da dariya. Da an kunna kyamara sai ya fara gwalo, yana kallon 'yan kallo yana neman su yi dariya, fim kuwa ya mutu tun a minti na farko. Duba yadda Turpin ya yi. Mutum ne ɗan tsurut mai harara-garke, ido ɗaya gabas ɗaya yamma, amma yana yin kallon soyayyar nan da zuciya ɗaya, kamar ya gaskata babu macen da za ta tsallake shi. Dariyar tana fitowa daga tazarar da ke tsakanin abin da yake zaton shi ne da abin da idonka ke gani. Da zarar ɗan wasa ya nuna ya san abin dariya yake yi, tazarar ta rufe.

Don haka ka horar da shi kamar fim ɗin soyayya na gaske za ku yi. Ya tsaya gaban madubi ya yi kallon Valentino na sakan biyar ba tare da kumatunsa sun motsa ba. Idan ya fashe da dariya a sake, ko sau ashirin ne. Jarumar ma kada ta yi murmushi. Ta karɓi kallon da gaske, ta dafe ƙirji, ta kau da kai. Abin da zai lalace ya fito daga waje: takobi ya maƙale a kube, hula ta zame ta rufe masa ido daidai lokacin da zai durƙusa. Ɓarna ɗaya a kowace fitowa ta isa. Kuma bayan ɓarnar ya gyara tsayuwa ya ci gaba da soyayyarsa kamar ba a yi komai ba. Wannan sakan biyun na bayan ɓarna su ne mutane suke yankewa wajen tacewa, alhali a nan dariyar take.

Kwalliya ba ta da tsada. Hoda mai haske a fuska, kwalli a ido, jan baki mai duhu, basilin a gashi. Fim ɗin da ake ɗauka da shi a farkon shekarun 1920 yana mayar da ja baƙi, shi ya sa leɓunansu suke fitowa baƙi ƙirin. Waya ba ta yin haka, sai ka ƙara duhun jan bakin da kanka. Gwada a baƙi da fari kafin ranar ɗauka.

Kafe wayar a kan sanda mai ƙafa uku, ko ka jingina ta da bulo, kada ta motsa. Ɗauki yawancin fitowa daga nesa yadda za a ga mutum daga kai har ƙafa, ka ajiye hoton kusa don kallon idon kaɗai. Yi aikin a waje da hantsi ko bayan la'asar, ka huta da kuɗin fitila. Faɗin hoto ya zama 4 da 3.

Sai batun sauri. A wancan zamanin da hannu ake juya kyamara, sau da yawa ana ɗaukar hoto 16 zuwa 20 a sakan, majigi kuma ya haska da sauri fiye da haka. Idan ka ɗauka a hoto 24 a sakan, ƙara saurin zuwa ninki 1.2 ya yi daidai da wanda aka ɗauka a 20 aka haska a 24, 1.33 kuma daidai da 18. Gudu da faɗuwa ka ba su 1.33. Wurin kallon soyayya ka bar shi yadda yake, ko 1.1. Masu ninka saurin fim gaba ɗaya sau biyu suna mayar da mutane kamar kiyashi, kallon da aka sha wahalar koya ya wuce ba a gan shi ba.

Allon rubutu, wato rubutun da ake nunawa a tsakiyar fim a madadin magana, fari a kan baƙi, kalma goma ko ƙasa, guda shida sun ishi fim na minti huɗu. Karanta kowanne a fili sau biyu, tsawon da zai zauna ke nan. Sa wa mutanenka sunayen shaƙiyanci kamar yadda Laurel ya mayar da Carmen, matar jarumin Blood and Sand, ta zama Caramel. Cire sautin ɗauka gaba ɗaya, ka ɗora kiɗan piyano ko na tango a hankali, ban da ƙarar faɗuwa da dariyar 'yan kallo da aka naɗa. Kiɗan da ke kan kwafin tsofaffin fina-finan a intanet yawanci sabo ne kuma yana da mai shi, kada ka ɗebo daga can.