Abincinki ya yi daɗi Hajiya, hoton ne ke korar kwastoma

Kwanakin baya wata Hajiya mai gidan abinci can wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina ta kira ni, wai in zo in duba mata abin da ya sa kullum tana saka hotuna a sitatus amma oda ba ta shigowa yadda take so. Da na je aka kawo mani masa da miyar taushe, wallahi masar nan ta tashi, gefenta ya soyu ya yi ja, in ka ɓara cikinta fari tas ga ƙananan ramuka, tururi na fita. Sai na ce ta nuna mani hotunan da take sakawa. Masar cikin waya ta yi wani rawaya-rawaya kamar wadda ta kwana biyu a kula, miyar ta yi duhu tana ƙyalli, ga inuwar hannunta da ta wayar sun faɗo tsakiyar farantin. Ta ce ai wayar ce ta tsufa, so take ta canza. Na ce Hajiya ki riƙe kuɗinki tukuna, mu ɗauki teburin nan mu kai bakin ƙofa. Muka kashe fitilar shagon, muka aje farantin inda hasken waje ke shigowa ta gefe, da wayar tata dai aka ɗauka. Ta daɗe tana kallon hoton, can ta ce ashe haka masata take.

To abin da nake gani ke nan kusan ko'ina a garin nan, daga gidajen biredi zuwa masu kek a gida zuwa masu zobo da kunun aya. Abu mai kyau ake yi, hoton ne ke cin amanarshi. Kuma mafi yawan kuskuren haske ne.

Kwan fitilar da ke shagunanmu iri biyu ne, akwai mai rawaya akwai mai fari da ke ɗan shuɗi-shuɗi. Masu aikin hoto na auna launin haske da ma'aunin Kelbin, mai rawayan nan wajen 2700 zuwa 3000 yake, hasken rana kuma wajen 5500. Idonmu na gyara bambancin da kanshi ba mu ma sani ba, ita kuwa kyamara sai ta zaɓi ɗaya. Shi ya sa in ka kunna fitila ga kuma taga a buɗe sai ka ga rabin shinkafar ya yi rawaya rabi ya yi shuɗi, kuma babu editin da zai gyara maka wannan yadda ya kamata. Ka zaɓi haske guda. In da rana ne kashe fitila gaba ɗaya, kai abincin kusa da taga ko ƙofa, hasken ya zo ta gefe ko ta ɗan baya, kada ya biyo ta bayan kanka don kai ne za ka tare shi. Ɗaya gefen zai yi duhu, sai ka samu farin kwali irin na 'yan makaranta ka tsayar a wurin ya maido hasken. Ko murfin farar roba ma na yi in babu kwali.

Wasu kuma da sun ji an ce hasken rana sai su fita da faranti tsakar gida ƙarfe ɗaya na rana. Ranar Katsina fa ba ta wasa, mai zai yi ta walƙiya, farar shinkafa ta ƙone a hoto ba a ganin ƙwayarta, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Inuwa mai haske ake nema, ƙarƙashin rumfa ko baranda ko bakin zaure, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na safe ko bayan la'asar. In rana na dukan tagar kai tsaye a rataya farin mayafi mara kauri ya tace ta. Lokacin hunturu hazon nan da kanshi yana tausasa haske, hoto na yin kyau, sai dai ƙura, minti biyu ka bar kek a buɗe za ka gan ta bisa aisin ɗin.

Filasha kam don Allah a bar ta. Tana bugo abinci ta gaba ta baje shi, nama ya zama kamar roba, miya ta koma madubi. Masu tsire da balangu su ne abin ya fi shafa tunda da dare ake kasuwar. Abin da nake ce masu shi ne a samu fitila mai caji fara guda ɗaya, a rufa mata farar takarda, wani ya riƙe ta daga gefe sama kaɗan, ko kuma a gasa tsinke biyar kafin magariba don hoto kawai. Sannan akwai layi-layin baƙi da ke ratsa hoto ko bidiyo in an ɗauka ƙarƙashin wasu fitilu, mutane na zaton waya ce ta lalace. A'a, wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ne, fitila na ƙiftawa da sauri ido bai gani kyamara na kamawa. In wayarka na da wurin saita kyamara da hannu ka sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, yawanci layin na ɓacewa. Da janareta wani lokacin bai jin magani don wutar na hawa da sauka, nan sai dai a koma hasken waje.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata hotuna fiye da yadda ake zato, idon kyamarar. Waya na hannun mai girki tun safe, ta sha mai ta sha fulawa ta sha tururi, hoto ya fito da hazo kamar an ɗauka ta cikin leda. A goge da tsumma mai laushi kafin kowane hoto, shi ke nan.

Sai kusantowa da yawa. Kyamarar farko da waya ke buɗewa mai faɗi ce, in ka manna ta da faranti sai gaban ya kumbura baya ya tsuke, kofi ya karkace kamar zai faɗi. Ja da baya ka danna 2x in wayar na da shi. Amma kada ka yi ta jan zum da yatsa har 5 ko 10, hoton fashewa zai yi.

Kuma ba kowane abinci ake ɗauka daga wuri ɗaya ba, wannan mutane ba su cika lura ba, kowa tsaye yake ɗauka yadda ya ga dama. Abin da yake shimfiɗe, tiren masa, sinasir, gurasa, kilishi, dubulan, cincin, daga sama sak ya fi kyau. Abin da yake da tsawo, kek mai hawa biyu, shawarma da aka yanka, kwalbar zobo, ka durƙusa waya ta zo daidai da shi. Tuwo da miya da dafa-duka kuma kamar yadda mai ci ke kallonsu in ya zauna. Na sha ganin kek da aka kwana ana ma ado a jiki, sai a ɗauke shi daga sama, duk wahalar ta tafi a banza.

Bayan hoto ma magana ce. Faranti ya yi kyau amma can baya ga bokiti, ga silifas, ga tukunyar gas, ga wayar caji. Ko ledar tebur mai zanen furanni ja da kore, a ɗora faranti shi ma mai furanni, ido ya rasa ina abincin yake. Ku samu faranti fari ko mai launi ɗaya, da katako ko yadi mara zane. Kuma abin da ke ba ni mamaki muna da kayanmu masu kyau muna raina su. Fura da nono a ƙwarya da ludayi bisa faifai, ku gwada ku gani in kofin roba zai kama ƙafarta. Tuwo a akushi, dambun nama bisa ƙaramin faifai, tabarmar kaba a ƙasa. Ɗan Daura ko ɗan Katsina da ke zaune Abuja in ya ga wannan gida zai tuna, kuma shi ne mai yin oda a aika mashi kilishi da alkaki a mota. Sai dai kada a cika tarkace, tumatir da albasa da attarugu zube kewaye da farantin da babu su a ciki, wannan kwaikwayo ne kawai.

Abinci bai jira. Miyar kuka ko kuɓewa in ta yi minti biyar sai ta yi fata a sama, man ja ya ware gefe, tuwo ya bushe, ganyen salak ya kwanta. Kuskuren shi ne a zuba abinci sannan a fara neman inda za a aje. A shirya wuri da faranti babu komai a ciki, a gwada haske, a ga komai ya zauna, sannan a zubo daga wuta. A goge bakin farantin da tishu. Kada a cika shi maƙil, a bar gefe ya sha iska. In ana son tururi ya fito sai abin da ke bayan farantin ya zama mai duhu, haske kuma ya zo ta baya. Miyar kuka dai gaskiya tana da wuyar hoto, launinta bai taimaka mata, abin da ke ceto ta shi ne farin tuwo a gefe, tsokar nama a sama, da ɗan man shanu da ya narke yana sheƙi.

Masu biredi ku kuma leda ce matsalarku. Ana ɗaukar shi a cikin leda, ledar na ƙyalli ga gumi a ciki, ba a ganin komai sai sunan gidan. Ku fito da guda ɗaya ku yanka ko ku ɓara da hannu a ga laushin cikin, na cikin ledar ya tsaya a baya don a ga suna. Mai sayen biredi cikin yake son gani. Haka mit-fai da samosa, a raba ɗaya biyu a ga nama ne a ciki ko dankali zalla.

Zobo in ka haska shi ta gaba baƙi yake fitowa kamar shayi ba madara. Zuba shi a kofin gilashi ka sa taga a bayanshi, sai jan nan ya kama kamar wuta. Kunun aya kuma kwanciya yake yi, a girgiza kafin a ɗauka, kuma kada a aje shi jikin farin bango don zai ɓace, shi da yogot da fura duhu suke so a bayansu. Ƙanƙara a sa ta ƙarshe. Kwalba in ta fito daga firij a ba ta ɗan lokaci ta yi raɓa a jiki, raɓar nan ita ke sa mutum jin ƙishirwa a watan Afrilu. A juyo takardar jikin kwalbar ta kalli kyamara a miƙe, in kuna da lambar NAFDAC a bari ta fito.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Mutum ya shiga intanet ya kwaso hoton kek ɗin wata ƙasa, ko ya sa manhaja ta ƙirƙiro mashi hoton shinkafa da kaza da babu su a duniya, ya rubuta sunan shagonshi a kai. Ko ya ɗauki nashi amma ya ja launi har jalof ta koma kamar an zuba mata fenti, ko a hoto tsoka huɗu a roba tsoka biyu. Katsina fa gari ne da kowa ya san kowa, amarya ɗaya ta karɓi kek ɗin da bai yi kama da hoto ba, kafin a watse daga wunin biki labari ya gama dangi. Ba ma wannan ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma a kan abincin sayarwa maganar ta zo, wanda aka ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa aka bar busasshe a sama. Gyaran hoto babu laifi, a ɗan ƙara haske, a daidaita fari ya zama fari, a yanke gefe. Amma ka aje wayar kusa da farantin ka kalli biyun, in sun bambanta ka wuce gona da iri.

Bayan duk wannan wahala sai a kashe hoton wurin turawa. Wannan ya tura ma wancan a WhatsApp, wancan ya yi sikirinshot ya tura ma mai saka wa a Facebook, kowane zagaye hoton na raguwa. A tura shi a matsayin dokumen ko a danna HD. A tsaye ake ɗauka, ma'aunin faɗi da tsawon hoton sitatus 9:16 ne, Instagram kuma 4:5 na zama daidai, a bar fili sama ko ƙasa don rubutu. Suna da lambar waya da farashi su koma gefe guda ƙanana, ba a shimfiɗa su bisa abincin da launi uku ba.

In kuma za ku ɗauko mai hoto ku biya, ku ce ya nuna maku hoton abincin da ya taɓa ɗauka, don iya hoton biki daban iya hoton miya daban. Ku yi magana tun farko kan hoto nawa zai ba ku da ranar da zai kawo, kuma kada ku dafa duka ku jera kafin ya iso, ɗaya bayan ɗaya ake fitowa da su. Hannun da zai shiga hoto ya zama mai tsabta, farce a yanke. Kwastoma na cin abinci, musamman mata, kada a ɗauke su sai da izininsu, haka ma'aikatan kicin.

Masu kayan buɗa-baki kuma ku yi hotunanku tun cikin Sha'aban. Ku ware safiya ɗaya ku soya ƙosai kaɗan, ku dama kunun gyaɗa da na tsamiya, ku haɗa zobo da farfesu, a ɗauke su a natse a aje a waya. In azumi ya kama, lokacin da abincin ke sauka daga wuta rana ta yi ƙasa, masu karɓar oda na tsaye bakin ƙofa, babu mai sararin neman kwali da taga.