Ku shanya rigar kujerar mota kafin ku saka

Jama'a, in kun sayi rigar kujerar mota ta leda, ku shimfiɗa ta a rana kamar minti 20 tukuna.

Zafi yana sa ledar ta yi laushi, sai ta kwanta lif a jikin kujera, babu tattara. Da sanyinta kuwa, ja za ku yi ta yi har ɗinki ya ɓarke. Ni haka na yi asarar guda ɗaya, tun daga kafaɗa ta yage.

Kafin ku saka rigar, ku zare matashin kai, ku kakkaɓe yashi tsaf, don shi ke cin kujera ta ƙarƙashin riga.

Dabarar shanyawa ba ta aiki a rigar yadi. In kuma an rubuta AIRBAG (balan-balan ɗin kariya da ke fitowa lokacin haɗari) a gefen kujera, don Allah ku nemi rigar da aka bar masa mafita.