Yadda zaka rubuta labarin mai shan jini da baya mutuwa

Da farko ka zaɓi shekarar da wani mai shan jini ya cije shi ya mayar da shi irinsa, don daga nan maganarsa da tsoronsa zasu fito. Wanda yaga annobar da ta shiga Turai a 1347, ko yau yaji ana tari sai ya ja baya duk da cuta bata kama shi. Amma don Allah kar ka cusa shi ko'ina, wai yaga gobarar Landan ta 1666 kuma yana Faris lokacin juyin juya halin Faransa a 1789, wallahi yana kashe labari. Zamani ɗaya ya isa, ka karance shi sosai. Tunda baya tsufa kuma dole maƙwabta su fara tsegumi, to ka tanadar masa sabon suna da takardu da dabarar gadon dukiyar kansa.