Darasi na Bakwai: Laftof Ta Kama Amma Sikirin Ya Yi Baƙi

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Darasin yau na masu tsohuwar laftof ne, irin waɗannan da muke saye na hannu, su HP da Dell da Lenovo da Toshiba, wadda wata rana kawai za ka danna maɓalli ka ji fanka na juyawa, 'yar fitila ta kama, amma sikirin ɗin baƙi wuluk ba ko ɗigon rubutu. Mutane da yawa daga nan sai su ce shikenan ta mutu, a tura ta ƙarƙashin gado, ko kuma a kai wa mai gyara ya kalle ta sau ɗaya ya ce bod, wato babban allon cikinta da komai ke jone a kai, ta ƙone kawo kuɗi kaza. Wallahi abin yana damuna, don sau tari matsalar ba ta kai haka ba, kuma kai da kanka za ka iya gano inda take da tocila da ƙaramin sukundireba da kilinar goge fensir. Ko da a ƙarshe sai ka je wajen mai gyaran, gara ka je kana sane da abin da ke damunta.

Fara da saurare kafin ka taɓa komai

Ka danna maɓallin kunnawa ka kasa kunne. Fanka ta motsa? Akwai fitilar da ta kama a gaba ko a gefe? Sannan ka danna madannin Caps Lock ka duba ko 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa idan kana dannawa. In tana amsawa to albishirinka, kwamfutar na raye tana aiki, hoton ne kawai baya fitowa. In kuwa ba fanka ba fitila ba komai, wannan ba matsalar sikirin ba ce, wuta ce ba ta shiga, sai mu koma kan caja.

Caja tana da rubutu a jikinta, ka juya ka karanta, haka ma ƙasan laftof ɗin akwai takarda manne. Yawancin Dell da HP bolt 19.5 suke sha, wasu tsofaffin HP 18.5, Lenovo 20, su Acer da Asus da Toshiba 19. Lambar da ke jikin caja ta zo ɗaya da ta ƙasan kwamfutar. Don Allah kar ka ari cajar maƙwabci don kawai bakinta ya shiga, shigar baki daban dacewa daban. Kuma mu nan da wutar NEPA ke zuwa da ƙarfi ta tafi ta dawo, ga janareta mai hawa da sauka, caja ce ke fara cin duka, so ka gwada wata mai lamba iri ɗaya kafin ka zargi kwamfutar.

Daga nan sai ka zare caja, ka cire batir in irin mai fita ta baya ne, ka cire filas da mawus da duk wani abu da ke maƙale, ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 30 ba ka saki ba. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a cikin bod. Sai ka jona caja kaɗai ba batir ka kunna. Laftof da yawa sun farfaɗo da wannan kaɗai, kuma ko sisi ba ka kashe ba. In ta tashi da caja kaɗai amma da ka mayar da batir ta koma baƙi, ka san batirin ne ya gaji.

Gwajin tocila

Wannan shi ne na fi so ku riƙe. Sikirin abu biyu ne a haɗe, akwai gilashin da ke zana hoto, akwai kuma fitilar da ke bayansa tana haska shi. Kamar allon da aka yi rubutu a kai ne a ɗaki mai duhu, rubutun na nan, fitila ce babu. To ka kunna laftof ɗin ka ba ta kamar minti biyu, ka shiga ɗaki ka rufe taga, ka kunna tocilar wayarka ka manna ta kusa da sikirin ta gefe, ka zuba ido sosai. In ka hango inuwar rubutu ko tambarin Windows dishi-dishi, to gilashi lafiya lau, bod ma na turo hoto, hasken baya ne ya mutu. Amma kafin ka yanke hukunci ka danna Fn tare da madannin da ke da hoton rana, don wani lokaci yaro ne ya yi wasa da kibod ya rage hasken har ƙasa.

A tsofaffin laftof, waɗanda aka yi kafin wajajen 2010, hasken bayan nan wani siririn kwan fitila ne dogo, kuma akwai wata 'yar inbata siririya a ƙasan sikirin da ke ba shi wuta. Inbatar ce ta fi yawan mutuwa kuma ba ta da tsada. Alamar kwan ne ya tsufa ita ce tun kafin ya mutu za ka ga hoton na yin ja-ja ko ruwan hoda in an kunna, ko ya kama na ɗan lokaci ya ɗauke. Gargaɗi a nan, inbatar nan tana ɗaga wuta zuwa ɗaruruwan bolt, kar ka kuskura ka taɓa ta kwamfuta na kunne, sannan kwan yana da sinadarin makuri a ciki mai guba ne, in ya fashe kar yara su matso kuma kar a share da hannu. Laftof ɗin da suka zo daga baya LED suke amfani da shi, su ba su da waccan inbatar, in haskensu ya mutu yawanci waya ce, ko wani ɗan mitsitsin fis a jikin bod, ko sikirin ɗin kansa.

Jona ta da talabijin

In tocila ba ta nuna komai ba, nemi wayar HDMI ko waccan mai shuɗin kai da ake ce wa VGA, ka jona laftof da talabijin ko wata monita, ka sa talabijin ɗin a tashar da ka jona. Wasu da kansu suke fitowa, wasu sai ka danna Fn da F4 in HP ce, Fn da F8 a yawancin Dell, Fn da F7 a ThinkPad, ko kuma madannin Windows da P. In hoto ya fito a talabijin to ka rabu da bod, ciwon yana tsakanin sikirin da wayarsa.

Wayar nan masu gyara fileks suke ce mata, ta cikin maɓanƙarin murfi take bi, kullum ana buɗewa ana rufewa tana lanƙwasuwa, shekara da shekaru dole ta gaji. Ka gwada buɗe murfin a hankali kana rufewa kwamfuta na kunne, in ka ga hoto ya ƙyalla a wani waje ya sake ɗaukewa, ita ce. Masu Dell kuna da wata garaɓasa, ka kashe ta, ka danne harafin D sannan ka danna maɓallin kunnawa, a yawancinsu sikirin zai riƙa canza kala ja, kore, shuɗi, fari. In kalolin sun fito tas sikirinka ƙalau yake.

Akwai kuma wadda za ta nuna tambarin kamfani lafiya lau sai an zo shiga Windows ta yi baƙi, wani lokaci har kibiyar mawus kana gani tana yawo. Wannan kar ka kwance ko sukuru ɗaya, matsalar manhaja ce. A Windows 10 da 11 ka danna Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda, yana sake tada direban hoto.

Ram, wanda ya fi kowa laifi

To in fanka na juyawa, Caps Lock baya amsawa, tocila ba ta nuna komai ba, talabijin ma shiru, abu na farko da za ka zarga shi ne ram, wato ɗan fallen da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi a cikinsa. Ƙurar hunturu da zafin bazara da jijjigar hanya in ana goya ta a mashin duk suna sa ya ɗan saki ko bakinsa ya yi datti, kuma kwamfuta in ba ta ga ram ba ko tambarin kamfani ba za ta nuna ba. Wasu ma suna faɗa maka, tsofaffin Dell da Lenovo kan yi ƙara ɗit ɗit ɗit, HP kuma fitilar Caps Lock ke ƙiftawa, a da yawan tsofaffin HP ƙiftawa uku a tsaya a sake uku tana nufin ram ne.

Kashe ta, zare caja, cire batir. Wannan ba abin wasa ba ne, in batirin na ciki ne sai ka zare 'yar wayarsa daga bod kafin ka taɓa wani abu. Ka taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga tukuna, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara wutar nan mai tartsatsi, tana iya kashe kayan ciki ba ka ma ji ba. Shimfiɗa farin ƙyalle, kife laftof ɗin, a tsofaffi akwai ɗan murfi a ƙasa mai sukuru ɗaya ko biyu. Ka zuba sukurorin a murfin kwalba kuma ka ɗau hoto da waya kafin ka cire komai don ka san yadda za ka mayar. Za ka ga ram ɗin ɗan falle ne kore, ƙarfe biyu sun riƙe shi dama da hagu, ka buɗa su waje da yatsu zai ɗago da kansa, sai ka zaro shi ta gefe kar ka kama wajen ruwan gwal ɗin. Goge ruwan gwal ɗin nan da kilina a hankali gaba da baya, ka kaɗe ɓurɓushin, ka share ramin da busasshen burushi. Ban da ruwa, ban da fetur, ban da hurawa da baki don yawu na bi. Wajen mayarwa a karkace ake sa shi, tsagar jikinsa ta dace da ɗan tudun da ke cikin ramin, ka tura har gwal ɗin ya kusa ɓacewa sannan ka danna ƙasa ka ji ƙas.

In guda biyu ne gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kowane rami, a nan za ka gane ko falle ɗaya ne ya mutu ko rami ne ya lalace. In sayen wani ya kama, karanta takardar jikinsa, PC2 shi ne DDR2, PC3 DDR3, PC4 DDR4, kuma ba sa shiga ramin juna don tsagarsu ba waje ɗaya take ba, kar ka tilasta. Ka lura da PC3 da PC3L, kamarsu ɗaya kuma rami ɗaya suke shiga, amma na farko bolt 1.5 yake so na biyu 1.35, akwai laftof ɗin da in ba mai L ɗin ka sa mata ba haka za ta zauna baƙi. Mafi sauƙi ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu.

Tunda ka riga ka buɗe, duba ɗan batirin nan mai kama da kwabo, yawanci CR2032 ne mai bolt 3, wani a naɗe da leda da 'yar waya. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato 'yar manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows. In dama kwamfutar ta daɗe tana ɓata kwanan wata to ya mutu, cire shi na 'yan mintuna ka sa sabo.

Inda za ka tsaya

In duk ka yi waɗannan ba labari, to yanzu ne maganar bod ta taso, kuma wannan aikin mai gyara ne. Akwai laftof na wajajen 2007 da 2008 masu cif ɗin hoto na NVIDIA, irin su HP Pavilion dv6000 da dv9000, da suka yi ƙaurin suna a kan wannan ciwon, zafi ke sa dalmar cif ɗin ta saki, har kamfanin NVIDIA ya amsa a 2008 cewa akwai matsala a wasu. Za ka ji an ce a gasa shi da iska mai zafi, eh yana tashi, amma galibi na ɗan lokaci ne sai ya koma, don haka in mai gyara ya ce abin da zai yi kenan ku yi ciniki a kan ka san ba mai ɗorewa ba ne. Ni dai a ganina in kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗin wata ta hannu mai lafiya, haƙuri ya fi.

Kuma kafin ka miƙa ta ga kowa, ko a Beirut Road ne a Kano ko a shagon unguwarku, ka tuna hotunanka da takardunka suna cikin had disk ne, baƙin sikirin bai taɓa su ba. A tsofaffin laftof cire shi ba wuya, ka sa shi a 'yar akwatin USB da ake sayarwa ka kwashe kayanka a wata kwamfutar. Ka rubuta lambar ram ɗinka da girman had disk a gaban mai gyaran, ba don zargi ba, don kowa ya huta. In sikirin za a canza, lambarsa na manne a bayansa, kuma a duba bakin wayar don akwai mai fil 30 akwai mai 40.

Aikin aji

Mako mai zuwa duk mai laftof a gida, mai lafiya ko matacciya, ya zo da ita tare da cajarta. Kafin nan kowa ya kwafo a littafinsa sunan kamfanin da lambar samfurin da ke ƙasanta da bolt ɗin da ke jikin caja, wanda karatun lambobin ya ba shi wahala ya sa ɗansa ko ɗan ajinmu ya taya shi. Za mu zauna bibbiyu, ɗaya ya riƙe tocila ɗaya ya duba, sannan kowa sai ya cire ram ya mayar da hannunsa sau biyu a gabana. Malamai mata ku ma ku zo da naku, kuma a taho da kilina da farin ƙyalle.