Yadda Za Ka Shiga Aikin Nazarin Bayanan Garkuwar Jiki da Kwamfuta

Ɗakunan binciken garkuwar jiki suna samar da bayanan ƙwayoyin halitta fiye da yadda masu binciken za su iya karantawa da ido, shi ya sa suke neman wanda ya iya sarrafa su da kwamfuta, wato mai ilimin bayo'infomatiks. Ko daga sashen ilimin halittu ka fito ko daga sashen kwamfuta, ƙofa a buɗe take, sai dai kowanne yana da giɓin da zai cike.

Ka fara da kayan aiki. Ka koyi ba da umarni a Linux, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, domin yawancin manyan kwamfutocin bincike da shi suke aiki, sannan ka zaɓi harshen rubuta manhaja ɗaya tsakanin Python da R ka naƙalce shi kafin ka taɓa ɗayan. Kada ka yi wa ilimin ƙididdiga riƙon sakainar kashi, domin wanda ya gwada ƙwayoyin gado dubu ashirin a lokaci guda zai ga ɗaruruwa sun nuna bambanci bisa katari kawai, idan bai san yadda ake gyara lissafin ba.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne ilimin garkuwar jikin kansa, kuma a ganina nan ya kamata ka fi ba da lokaci. Ƙwayoyin garkuwa na B da T suna yankawa da sake haɗa sassan gadonsu domin kowace ta samu irin nata makamin gane cuta, gano hakan ne ma ya sa Susumu Tonegawa ya samu lambar yabo ta Nobel a 1987. Saboda haka manhajar da aka tsara don jeranta gadon da ba ya canzawa takan ruɗe idan ta iso nan. Haka kuma ƙwayoyin gadon HLA, masu taimaka wa garkuwar jiki ta gane abin da ba na jiki ba, waɗanda ke kan kuromozom na 6, suna da nau'o'i dubbai, kuma al'ummomin Afirka suna da bambanci mai yawa a cikinsu. A Gambiya ne aka nuna a 1991 cewa nau'in HLA-B53 yana da alaƙa da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Bayan wannan sai aikin hannu. Ka shiga rumbun bayanan ƙwayoyin gado mai suna GEO na cibiyar NCBI da ke Amurka, wanda kyauta ne, ka sauke bayanan wani bincike da aka riga aka wallafa, ka yi ƙoƙarin sake fitar da sakamakonsa da manhajar Seurat ko Scanpy. Ka saba da rumbunan bayanan garkuwar jiki na IEDB da IMGT. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, dandalin Galaxy yana ba ka damar yin aikin ta intanet. Duk abin da ka yi, ka ajiye shi a GitHub, dandalin intanet na ajiye ayyukan manhaja, tare da bayani mai tsabta, domin shi mai ɗaukar aiki zai duba kafin takardar shaida.

Yawancin guraben bincike suna neman digiri na biyu, jagorancin bincike kuwa sai da digiri na uku. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede na Jihar Osun, wadda ta fara jeranta gadon ƙwayar cutar korona a Afirka a Maris 2020, da cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Ghana, suna horar da ɗalibai. Idan za ka rubuta wa shugaban wani ɗakin bincike, ka ambaci aikinsa da ka karanta, ka kuma haɗa masa adireshin aikinka na GitHub.